Mai Farke Ɓeraye ta Iztapalapa

Doña Eufrosina mai yanka kaji ce a kasuwar Iztapalapa, har ƙwayar atini ta huda hanjin mijinta Nicanor, ta ruɓar masa da hanta, ya rasu. Sai ta koma aiki a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗura wa ɓeraye ƙwayar, a gwada maganin da zai daƙile ruwan da ƙwayar take narkar da nama da shi. Aikinta shi ne ta karya wuyan ɓera, ta farke ciki, ta duba hanta.

"Doña, a hankali mana, nan ba kasuwa ba ce!" in ji likita.

"Ɗana, ita a hankali ta cinye Nicanor?"

Ta tsaga ɓeran. Mugunya ta fantsamo mata a fuska. Ta goge.

"Wannan maganin ma bai yi ba. Miƙo wani."