Kifin da Mai Gona Ya Ƙi Karɓa

Ina shekara ta uku da riƙe cibiyarmu aka ajiye mini kifi a kan tebur. Cibiyar ta jami'a ce, aikinta binciken yadda doka da na'urorin zamani ke shafar zaman jama'a. Sunan ya fi ginin girma nesa ba kusa ba. A Gaya ɗaki biyu muke haya a bakin hanyar da ke gangarawa gadar kogi, idan manyan motocin kaya suka wuce sai tagogi su yi ta rawa. Duk da haka ina son wurin. Ina son shayin safe da gardamar abokan aiki, ina kuma jin daɗin yadda ake kirana mushe darakta, wato malam darakta a Faransancin kasuwa, ko da an same ni a kan kujera ina gyaran fanka.

Babban aikinmu a lokacin awon gonaki ne. Manomi ya zaga iyakar gonarsa, mu bi shi da ƙaramar na'ura tana ɗaukar wurin ta tauraron ɗan adam, daga baya a fitar masa da takarda. Abokiyar aikina, wadda ta karanci ordinata, wato kwamfuta, ita ta tsara shafin da ake cikewa. Tambayoyin kuwa ni na rubuta su, tunda ni ne masanin doka. Ta farko ita ce: wa ke da wurin? Layi ɗaya tak na bari don amsa, har ina yabon kaina, wai ba na son takarda mai surutu.

Ni mutumin Dioundiou ne, ɗan manoman gero. Na san shanun Fulani kan shiga gona bayan girbi su ci kara, amma ban taɓa ganin gona ta zama kogi ba. Da kaka muka auna wata fadama kusa da Tounouga, shinkafa ta nuna, mai ita na tsaye yana korar tsuntsaye. Shi muka gani, shi muka rubuta.

Sai ga shi wata safiya cikin ɗari wani dattijo ya shigo, baƙi dogo, ƙafafunsa duk faso. Ya gaishe ni da harshen Dendi, "Fofo, mushe," ya kwance wani ƙunshi, ya ɗora bandar giwan ruwa a kan takarduna. Nan take raina ya ɓaci.

Na ce, "Baba, nan ba a kawo mana toshiyar baki. Ɗauke abinka."

Ko gezau bai yi ba. Da Hausarsa ta kasuwa, mai gauraye da Dendi, ya ce, "Ba naka ba ne, yaro. Na mai gona ne. Ya ƙi karɓa, ya ce takardarka ta hana."

Na ja masa kujera. A hankali ya warware mini zancen. Shi masunci ne. Duk shekara, bayan an yanke shinkafa, babban ruwa kan zo ya rufe fadamar nan, kuma tun kakanni gidansu ke kamun kifi a kanta har ruwan ya janye. Ranar kamun farko sai a zaɓi kifi mafi girma a kai wa mai gona. Idan ya sa hannu ya karɓa, magana ta ƙare, kamun kifin bana ya halatta. Bana mai gonar ya ɓoye hannunsa a baya, ya fito da takarda, ya ce fadama tasa ce shi kaɗai. Kwana huɗu ke nan jiragen gidan dattijon uku suna ɗaure, ruwa kuwa ba ya jiran kowa.

Kunya ta kama ni sosai. Na kalli abokiyar aikina ko za ta rufa mini asiri, sai ta ce, "Ni ma fa na tambaye ka ko layi ɗaya zai isa, ka ce ba ka son surutu." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi.

Washegari muka tafi Tounouga tare da dattijon. A ƙofar maigari aka shimfiɗa tabarmi, aka kira mai gonar. Na zaci zan ga mugu, sai na ga mutum mai kamala, takardar na naɗe cikin leda a aljihun gabansa. Ya ce, "Mushe, ni ba ni da rigima da shi, tare muka taso. Amma an ce mini takarda ta fi baki. Na ji tsoro in na karɓi kifin, na warware abin da hukuma ta ƙulla, gobe a ce 'ya'yana ba su da gona."

A gaban kowa na ce kuskuren nawa ne, ba na na'ura ba, ba kuma nasa ba. Faɗin haka bai yi mini daɗi ba, don na saba ni ke gyara wa ɗalibai. Na yi masa bayani cewa gonar tasa ce, za ta tabbata tasa, za a dai ƙara layi a rubuta wanda ke da haƙƙin kamun kifi idan ruwa ya rufe ta. Maigari ya ce to a sake awon yau, kowa na gani.

Haka muka shiga jirgi mu huɗu, ni da ban iya ruwa ba na ƙanƙame gefe ina salati, su kuwa suna ta yi mini dariya. Mai gonar na nuna iyaka da kan itatuwan da suka leƙo, masuncin na tuƙi, abokiyar aikina na riƙe da na'ura. Wuraren da muka taka da ƙafa watanni uku baya, su muka bi a kan ruwan da ya fi tsayina.

Tun daga ranar shafinmu ya zama mai surutu, kuma kafin mu auna ko'ina sai mun tambaya wa ke shiga wurin a kowane lokaci na shekara. Na yi rubuce-rubuce da yawa a wannan aiki, amma babu wanda nake tunawa da farin ciki kamar wannan layin.

Da muka fito bakin gaɓa dattijon ya buɗe ƙunshinsa, ya miƙa bandar nan da ta sha yawo har ofishina. Mai gonar ya dube ni tukuna. Na gyaɗa masa kai. Ya goge tafinsa a riga, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce wa dattijon, "Bana ka makara, kuma ka kawo mini busasshe." Kafin mu kai mota an riga an kwance jiragen nan uku.