Rob ɗin Atika

Atika mai sayar da kisra ce, wainar dawa mai faɗi marar kauri, a kasuwar Gadarif. Tun tana budurwa take durƙuso gaban wuta tana shafa ƙullun dawa a kaskon ƙarfe, har gwiwoyinta suka fara gajiya da ita. Mijinta Wada lebura ne, duk kaka yakan hau lori ya tafi Fashaga yankan riɗi.

Shekarar da yaƙi ya koro mutane daga Khartum, a kwance aka dawo da Wada. Ruwan tafki ya sha, gudawa ta kama shi. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, aka sallame shi da ƙwayoyi. Ya shanye su, zazzaɓi ya sauka, amma cikin ya ƙi komawa daidai. Ko loma ya yi sai ya nufi bayan gida. Atika ta ƙara sayo masa ƙwayoyin, ya ƙara ramewa.

A ɗakin zauren gidansu akwai Batoul, wadda ta yi aikin jinya a Khartum kafin ta gudo da 'ya'yanta. Ta ga Atika na wankin zannuwa tana gyangyaɗi.

"Khala Atika, daina ba shi maganin nan haka," in ji ta. "Cikin mutum akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, su ke taya jiki kare kansa. Maganin ya kashe masu cutar, ya haɗa da su."

"To 'yata, a ina ake sayo su?"

"Ki riƙa ba shi rob, wato kindirmo, da kunun tsami, kaɗan-kaɗan. Ruwan sha kuma a tafasa. In abin ya ƙi, mu koma asibiti."

Aiki ya ƙaru. Atika ta riƙa dafa madara ta zuba mata tsohon rob ta rufe har ta yi tsami, sannan ta wuce kasuwa. Wada ya sha yana yamutsa fuska. Sauƙin bai zo da sauri ba, sai da aka girbe dawa kafin ya iya cin tuwo ya zauna lafiya.

Da kaka ta zagayo ya ɗauko laujensa.

"Baban Lukman, jikin nan zai iya?"

"In na zauna me za mu ci?"

 Atika ta ɗaure masa buta da ɗan gawayi a buhu, ta ce ya tafasa ruwa ko abokan aiki za su yi masa dariya. Ranar da ya tafi ba ta je kasuwa ba, ta kwanta a tabarma ta yi barci har la'asar.