Bayan Aƙilu

A shekarun tsuke bakin aljihu, sabon aksul ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun mota, ya fi ƙarfin masu akori-kura na Ƙaraye da Rogo. In ya karye, sai a kai wa Sulle mai walda ya ɗinke. Amma walda ba ta nuna cikinta, don haka babu motar da ke barin garejin sai ƙanensa Aƙilu ya gwada ta.

Gwajin ba na masu hankali ba ne. A cika bayan mota da buhunan yashi har ta durƙusa, Aƙilu ya ɗauki hanyar Fulatan, ya riƙa neman ramukan da kowa ke kauce wa yana afka musu da gudu. In ɗinkin zai sake, gara ya sake a ƙarƙashinsa shi kaɗai. Mu maƙwabta muna ce masa angon gargada, yana dariya. Ƙarfe dai in ya gaji a sake masa walda, amma bayan Aƙilu babu mai ɗinke shi. Kafin ya kai arba'in, a zaune yake salla.

Ya sha cewa ya bari. Sulle kuwa, Allah ya shirye shi, bakinsa ɗaya: "Wannan kaɗai, ƙanena, daga ita shi ke nan."

Wata damina aka ba shi tuƙin motar hakimi, kujera mai laushi, tafiya a hankali. Matarsa Zaituna har waina ta raba. Na ga mutumin nan ya fara miƙewa, wallahi na yi masa murna.

Bai rufe wata a sabon aikin ba, Sulle ya saki wata mota ba gwaji, don mai ita yana sauri, ranar kasuwa ce. A gangaren Yammedi aksul ya rabu, ƙafar baya ta fice, motar ta kife da mata. Kande mai daddawa ta rasa ƙafa.

Babu wanda ya zargi Aƙilu, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Gaisuwa kawai ake yi masa. "Ina gajiya, direban hakimi? Ya jin daɗi?" Da ya je duba Kande, ta kalle shi ba fushi, ta ce, "Ai Malam Aƙilu, na ɗauka ka hau ta kafin mu."

Washegari ya mayar da makullin motar hakimi, ya koma garejin.

Ganina da shi na ƙarshe a garejin, an gama loda yashi, ya kama ƙofar mota ya kasa ɗaga ƙafa. Ni da Sulle muka ciccibe shi muka ajiye a bayan sitiyari. Na ce, "Aƙilu, don girman Allah ka sauko."

Ya ce, "Rufe mini ƙofar, hannuna ba ya kaiwa."

Na rufe.