Kwana biyu a gidan hutu na gandun daji

Shekarar da 'yarmu ta uku ta fara tafiya ne maigidana, Malam, ya dawo daga ofis da maganar hutu. Wani abokin aikinsa a sakatariyar Azare, Kirista mutumin Tafawa Ɓalewa, shi ya ba shi labarin wani gidan saukar baƙi a cikin gandun daji ta wajen Udubo. Wai iyali kan je su yi kwana uku, su dafa abincinsu da kansu, su sha iska.

Na ce, "Malam, su dafa da kansu, su wa ke nan?"

Ya ce, "Mu mana."

Na dube shi kawai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka cika tsohuwar motarsa da tukwane, ƙaramin turmi, shinkafa, garin tuwo, kuka, daddawa da tabarmi. Kicin ɗina kaf na kwashe, wai za ni hutawa.

Gidan dai ba laifi. Ɗaki biyu ne da baranda, itatuwan maina da tsamiya sun yi masa rumfa. Yara suka ruga da gudu suna bin zabin daji. Malam ya shimfiɗa tabarma, ya kunna rediyo, ya ce, "Kin ji iska ko?"

Ni kuwa na leƙa kicin. Akwai murhun gas, amma tukunyar gas ɗin fayau take. Famfon ma ko ɗigo. Maigadi, wani dattijo Bafulatani, ya nuna mini rijiya can bayan tsamiya. Na tambaye shi itace.

Ya ce, "Hajiya, nan gandun gwamnati ne, ba a sara. Sai dai ki tsinci wanda ya faɗo."

Ga ni a tsakiyar daji, goye da yarinya, ina tsintar ƙirare. Rabinsu ɗanye ne. Hayaƙi ya cika mini ido har tuwon ya nuna ban daina hawaye ba.

Washegari da hantsi muka ji ƙarar amalanke. Goggon Malam ce daga Udubo, wani makiyayi ya ga motar ya kai mata labari. Ta zo da surukanta mata, da jikoki, da wani kawu mai dogara sanda. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Me ya kore ku daga gida? An sallame ka daga aiki ne?"

Malam ya ce, "A'a Goggo, hutu muka zo."

"Hutu? A jeji? Ga gidana nan kusa?"

Ya yi bayani har ya gaji. Ta jawo ni bayan ɗaki, ta rage murya. "Ke faɗa mini gaskiya, 'yata. Ba wanda zai ji."

Na rantse mata lafiya lau muke. Ba ta yarda ba, ta ce ba za su bar mu cikin wannan hali mu kaɗai ba, sai su wuni. Shinkafar kwana uku na juye a tukunya ɗaya. Surukan sun taya ni jan ruwa, ban manta musu ba, amma kawu ya ce shi tuwo yake ci, sai da na sake ɗora wata tukunyar.

Da safiyar Lahadi na wanke kayana, na jera su a mota, na shiga na zauna da yarinya a cinya. Malam ya zo bakin taga.

"Ai da sauran kwana ɗaya."

Na ce, "Ka yi shi, Malam. Mu muna nan cikin mota muna jiranka."

Ya je ya naɗe tabarmarsa. Ya kira yara, muka kama hanya. Da muka isa Azare na tarar labari ya riga mu, maƙwabta suna ta shigowa yi mana jaje, kowa na tambayar wane ne ba shi da lafiya har aka kai shi ƙauye neman magani.