Mai Buta da Takalmin Enid

Kafin in san fuskar Enid Garbutt, bugunta na fara sani. Bango ɗaya ya raba ɗakunanmu na haya a unguwar Hammersmith ta Landan, kuma kowace safiya, daidai lokacin da nake lallashin wani baiti ya sauko, sai in ji gam, gam, gam, kamar ana rushe gidan. Ranar da na gaji na ƙwanƙwasa mata, sai ga siririyar mace mai wuya kamar na zalɓe, riƙe da takalmin rawa ruwan hoda, tana maka shi da bango.

"Baiwar Allah, ɓera kike kashewa?"

"Ladabi nake koya masa," in ji ta. "Sabo ne, bakinsa ya yi yawa. In na hau dandali da shi a haka, sai a zaci doki ne ya shigo."

A garin Hull aka haife ta, gidan mai sayar da kifi. Mahaifinta yakan ce teburin shagonsa ne ya koya mata bale, rawar nan ta kan yatsun ƙafa, don sai ta yi ɗage a kan yatsu take iya ganin masu saye. Tana 'yar budurwa ta iso Landan da jaka mai ƙarnin kifi, ta shiga ƙungiyar rawa, aka ajiye ta a layin baya kusa da labule. Nan ta zauna har furfura ta fara leƙo ta. A wasanninsu ta yi fure, ta yi agwagwar ruwa, ta yi ɗigon ƙanƙara. Sau ɗaya ta yi bishiya, aka yaba. Taurarin gaba na mutuwa saboda soyayya, ita tana can baya a kan ƙafa ɗaya, fuskarta cike da alhini, tana tunanin abin da za ta dafa.

Masoyinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa ganinsa ba. A masana'antar da ke ɗinka musu takalma, kowane baduku yana da tambarin da yake bugawa a tafin takalmi, kowace mai rawa kuma tana manne wa nata. Na Enid tambarinsa butar shayi. Ƙafarta ta hagu tana da ƙullutu a gindin babban yatsa, ba wanda ya iya lallaɓa shi sai Mai Buta.

Da shekaru suka ja, shugabar ƙungiya ta ce za a sallame ta da mutunci: ranar wata Asabar da rana za ta fito gaba, ita kaɗai, ta yi 'yar gajeruwar rawa. A makon ne aka gaya mata Mai Buta ya yi ritaya. Ta gwada na mai tambarin kambi, ya cije ta. Na mai ƙararrawa ya zame. Na ji ta ta bango tana kuka, abin da ban taɓa ji ba, har na yi kewar bugun.

Ita ta ja ni muka nemo shi. Sunansa Wilf Tranter, wani dunƙulallen tsoho, muka same shi a lambunsa yana yi wa kabeji faɗa. Bai taɓa kallon bale ba, ya ce ba ya son ganin manya suna tsalle ba dalili. Amma da Enid ta faɗi sunanta sai ya cire hula.

"Garbutt mai ƙullutu! Ashe kina da kai. Ni ƙafarki ta katako da nake ɗinki a kanta kawai na sani."

"Mista Tranter, ƙafa biyu kawai. Na ƙarshe."

"Sauran fa da na yi miki? Suna nan lafiya?"

Enid ta kalle ni, na kalli kabeji. Ta ce suna cikin kulawa. Ya ji daɗi, ya ce zai ɗinka, kuma da hannunsa zai kawo.

Ya kawo har bayan dandali ranar Asabar ɗin, ya ci kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, takalman naɗe a tawul kamar tagwaye. Enid ta karɓa, ta sumbace su. Sai hannu ya yi abin da ya saba: ta cusa na dama a matsen ƙofa, ta danna har ya yi ƙara, ta ɗaga shi ta fara sheme shi da matakala.

"Ke! Ke! Me ya yi miki?"

"Haka ake yi, Mista Tranter. Kowa haka take yi."

Ya waiga. Tsawon barandar nan 'yan mata ne sanye da fuka-fuki, kowacce tana jibgar takalmi, wata har da guduma. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya wafce na hagun ya cusa a aljihu, ya fice.

Mun cim masa a wurin jiran bas. Enid sanye da fararen kayan rawa, ta yafa kwat ɗina, mutane na kallo.

"Ba ni takalmina, tsoho mai rikici!"

"Ba na ba azzaluma. Duk rayuwata ina manna yadi kan yadi, ina gasa su kamar burodi, ashe mahauta nake yi wa kiwo!"

Ta zauna a benci, ta tuɓe safa, ta ɗora ƙafarta ta hagu a gwiwarsa. Yatsun sun lanƙwashe kamar saiwar tsohuwar bishiya, farcen babban ya yi baƙi, ƙullutun ya yi ja kamar tumatir.

"To duba. Wa ya fi dukan wani, ni ko su?"

Ya daɗe yana kallo. Ya shafa ƙullutun da babban yatsansa, a hankali, irin gaisuwar tsofaffin abokai. Bas ta zo ta wuce. Sannan ya zaro takalmin ya ce in dai dole sai an daki ɗansa, to uban zai daka. Ya ɗan taɓa shi da ƙarfen fitilar titi, kamar mai neman gafara. Ya ƙara. A na gaba sai da wata tattabara ta tashi. Can na ga yana murmushi, yana ambaton sunan wani tsohon shugabansa na aiki da kowane bugu.

"Ya isa, Wilf! Rawa zan yi da shi, ba miya ba!"

Ta yi rawarta. Ban san abin da masana suka gani ba. Ni dai na ga mace ta taso daga inuwar da ta rayu a ciki, ta tsaya cikin haske a kan ɗan wurin da bai fi bakin kofi ba, ta juya a hankali kamar ganyen da bai yanke shawarar faɗuwa ba. Ƙafafunta ba su yi ko ƙis ba. Wilf na gefena, ya sunkuya, bai ɗaga ido sama da idon sawunta ba.

Da aka gama ta fito tana haki, rungume da furanni, ta tambaye shi yaya ya gani.

"Na hagun ya fi rawa," in ji shi.

Yanzu Enid tana koyar da yara a zauren cocin unguwarmu. Wilf yana zuwa duk Lahadi da kabeji a hammata, wai ya zo taimaka wa manyan ɗalibanta da sababbin takalmansu. Bangon nawa suke amfani da shi, su biyu, ita daga hagu, shi daga dama.