Bakan Gizon Gidan Haliru

A wani ƙauye kusa da garin Doka, can gabas a tsohuwar hanyar Hajji, a gindin dutse, akwai gidan da bai yi kama da sauran ba. Ko'ina bukkokin ciyawa ne masu tsinin kai, domin baƙar ƙasar nan tana tsagewa da rani ta kayar da katanga. Shi kuwa soro ne na laka da aka kafa a kan fa, rufinsa na tsaye bisa bakan gizo biyu na gini da suka gitta juna. Mai gidan Nagoggo ne, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan riɗi da dawa a manyan gonaki.

Kakansa Haliru ne ya gina shi. Magini ne da ya taso daga yamma a ƙafa zai tafi Hajji. Matarsa ta haihu a hanya, ya ce bari su huta damina ɗaya. Ya huta shekara arba'in.

Nagoggo ba mai yawan magana ba ne. Da hantsi yakan kwanta a gadon igiya cikin soron, yana kallon sama. Haske na shigowa ta 'yar taga, ya hau bango a hankali, tsattsewa na shiga suna fita. Wani lokaci sai ya ga kamar rufin na numfashi, ya ji ƙanshin hayaƙin gahawar kakarsa da ta rasu tun yana ƙarami.

Wata shekara masu kula da kayan tarihi suka zo daga birnin Gadarif. Shugabarsu, wata injiniya mai suna Israa, ta auna bango, ta ɗauki hotuna, aka sa gidan cikin rajista. Daga ranar ba a rushe shi, ba a sake masa kama.

Daminar da ta biyo baya aka yi ruwan kwana uku. Baka ɗaya ya dare, laka ta fara zubowa.

Najwa, 'yar Nagoggo, ta ce, "Baba, mu sa kwano mu huta. Zai faɗo maka a ka."

Ya kira Israa a waya. Ta ce, "Ya Haj, don Allah kada a taɓa. Muna neman magini."

Wata biyu ana nema. Duk maginin da aka kawo sai ya ɗaga kai, ya girgiza shi, ya ce shi bulo da siminti ya sani.

Ran nan Nagoggo ya jingina tsani, ya hau, ya dinga ɓare lakar da yatsu. A ƙarƙashi ya tarar da itacen goruba an jera, kowanne na ɗan wuce na ƙasansa, an ɗaure da igiyar kaba. Ya daɗe yana kallon ƙullin. Irin wanda mahaifiyarsa ke ɗaure awaki da shi ne, hannunsa ya san shi tun kafin ya yi wayo.

Ya hau lori zuwa garin Shuwak ya sayo goruba. Matan unguwa suka kwaɓa ƙasa da ciyawa, suka bar ta ta tsima. Kwana ashirin da uku yana sama, Najwa na miƙa masa curin laka tana mita.

Bakan ya tsaya, amma ya ɗan karkace hagu.

Da Israa ta zo, ta zagaya soron tana duban bakan. Nagoggo yana gefe, yana jiran faɗa.

Can ta ce, "Ya Haj, wa ya koya maka?"

Ya ce, "Na buɗe ne na duba, 'yata."

Ta zauna a bakin gadon, ta roƙe shi ya nuna mata ƙullin. Sai a karo na huɗu ta iya. A hutun makaranta da ya biyo baya ta dawo da ɗalibai shida, suka yi mako guda a ƙauyen, Najwa na dafa musu tuwon dawa.