Yaya Bitrus da shekarar da muka koma Katolika

A wannan daminar Yaya Bitrus ya cika shekara ashirin da rasuwa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma shi ya riƙe ni bayan mutuwar mahaifinmu har na zama malamar firamare. Katikis ne, wato mai koyar da addini, a cocin Angilika tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa 'yar Katolika ce, amma ba a cikinta aka haife ni ba. Kwanan baya jikata ta karanta mini a wayarta cewa a ƙasashen Turawa Roma ta buɗe ƙofa ga 'yan Angilika da suka saɓa da cocinsu, har da limamai da jama'arsu, manyan Angilika na can kuma suna ta magana, wasu da fushi, wasu a hankali. Na ce mata mu a Kafanchan mun ga ƙaramin irin wannan tun ba a haifi uwarta ba.

Bayan an gama yaƙin basasa ne, garin yana sake cika da ma'aikatan jirgin ƙasa. A cocinmu sujadar safe da Turanci ake yi, ta akawuna da malamai da manyan reluwe. Ta Hausa sai rana ta take. Mutanenmu manoma za su tako da ƙafa daga Madakiya da ƙauyukan gefe, su zauna gindin mangwaro suna jira a fito, kafin su shiga yara sun galabaita. Yaya Bitrus ne ke bi da wannan sujada ta biyu. Ni kuma nake koya wa mata waƙa. Muka roƙi abu biyu: a matso da sujadarmu safe, a kuma bar mu mu yi waƙa da tulu da caki, da Hausa da yarenmu. Majalisar ikilisiya ta ce za ta duba na farko. Na biyu kuwa ta ƙi kai tsaye, wai kayan kiɗan dodo ne. Wata Lahadi da muka gwada shiga da tulu ɗaya, aka karɓe shi a bakin ƙofa aka ajiye a bayan coci kamar an kama mu da sata.

A daidai lokacin 'yan Katolika sun daina yin Mas, wato sujadarsu, da Latin, sun koma Hausa, kuma ana jin gangarsu daga ƙetaren layin dogo. Limaminsu, wanda suke kira Fada, wani Bature ne dogo mai yawo a babur, Hausarsa a karye amma ba ya jin kunyar yin ta. Labarinmu ya kai gare shi. Ya aiko katikis ɗinsa ya ce ƙofa a buɗe take, wanda ya zo ba za a sa shi cikin ajin sababbin tuba na shekaru ba, za a yi mana ajinmu dabam, gajere, kuma mu zo da tulunanmu. Ba zan ce mun zauna mun auna koyarwar cocin biyu ba. Yawancinmu ba mu san bambancin ba sai daga baya. Abin da muka sani shi ne a nan muna jira gindin mangwaro, a can ana kiranmu. Gidaje da dama suka tashi, ina cikinsu.

Ranar da na faɗa wa Yaya, yana gyaran kekensa a tsakar gida. Bai ɗago ba. Ya ce, "Rifkatu, idan ɗaki yana yoyo gyara shi ake yi." Na ce, "Yaya, mun gaji da tara kwano." Ya ci gaba da juya fedal da hannu. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, har aka yi girbi aka gama.

'Yan Angilika ba baki ɗaya suka yi ba. Akwai waɗanda suka ce a bar mu mu tafi, dama mun cika surutu. Akwai tsofaffin mata da suka yi kuka, suka riƙa zuwa gidajenmu suna roƙo, ɗaya har ta ce mini ta ji Katolika gumaka suke yi wa sujada, in ji tsoron Allah. Rabaran namu, mutumin kudu ne mai sanyin hali, ya yi wa'azi a kan satar tumaki ba tare da ya kira sunan kowa ba, amma kowa ya gane. Wanda ya fi zafi shi ne Dattijo Ishaku, akawun reluwe, ɗan ƙasarmu, wanda ya sha wahala kafin a ba shi kujera a majalisa, yana ganin mun zubar masa da mutunci a gaban baƙi. Shi ya kawo shawarar da aka amince da ita: wanda ya ƙetare layin dogo ba shi da baki a biki ko jana'izar ɗan Angilika, ko da uwarsa ce. Aka ce katikis ya sanar a sujadar Hausa.

Yaya Bitrus bai sanar ba. Ya ce wa majalisa shi an ɗauke shi ya karanta Littafi da addu'a, wannan kuwa bai gan shi a ko ɗaya ba, wanda ya ga dama ya tashi ya faɗa da bakinsa. Dattijo Ishaku ne ya tashi ya faɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka Yaya yana bayanmu ne. Ko kaɗan. Yana ganin abin da Fada ya yi bai dace ba, kuma bai tsaya gunaguni a gida ba. Ya hau kekensa da rana tsaka ya tafi gidan Fada, abin da babu wani ma'aikacin Angilika da ya taɓa yi a garin. Ina cikin ajin koyon katikisma a baranda na gan shi ya jingine keke. Muna jin su ta taga. Ya ce, "Fada, rigimar gida ce muke yi, kai kuma ka shimfiɗa musu tabarma tun ba mu gama magana ba." Fada ya ce, "Malam, ni ban ja kowa ba. Sun zo. In kore su?" Yaya ya ce, "Ban ce ka kore su ba. Amma na ji ana cewa za a sake yi wa wasu baftisma. Ƙanwata tana waje. Ina tsaye aka yi mata baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Idan ka sake zuba mata ruwa, ka ce ke nan ni da uwarmu arna ne." Fada ya ce duk wanda Malam ya shaida baftismarsa, ta tsaya. Haka kuwa aka yi. Yaya ya fito, ya wuce ni, ya hau kekensa.

Da damina ta zagayo mahaifiyarmu ta rasu a Madakiya. Ita ba ta bar Angilika ba, ta ce ta tsufa da koyon sabuwar durƙusawa. Aka taru a gida, Dattijo Ishaku da 'yan majalisa a kujerun gaba. Ni da matan da muka tafi tare muka zauna can baya wajen rumbu, kamar baƙi. Rabaran ya yi tafiya, saboda haka Yaya ne ya bi da jana'izar. Da aka sauke gawa ya rufe littafinsa, ya juyo ya ce, "Rifkatu, ki zo ki yi wa Mama waƙa." Dattijo Ishaku ya miƙe ya ce, "Malam, akwai doka." Yaya ya ce, "Na sani, Dattijo. Nan gidan ubana ne, wannan kuma uwarta ce." Wata mata ta juye ruwan tulun girki ta miƙo mini. Muka yi waƙar da yarenmu. Kafin a kai baiti na biyu matan Angilika sun karɓa, domin tare muka koye ta.

Ba a kore shi ba. An dai ɗauke shi daga Kafanchan aka tura shi wata 'yar majami'a ta jinka a wajen Samaru Kataf, inda matarsa ta sha wuyar ruwa, 'ya'yansa suka riƙa tafiya mai nisa zuwa makaranta. Ya daɗe a can, bai taɓa ce mini ta dalilina ba ne. Bai kuma daina damun manya da maganar sujadar Hausa ba. Daga baya an mai da ita safe, an bar ganga ta shiga, amma waɗanda suka tafi kaɗan ne suka dawo. Ni ban dawo ba. Na riga na yi aure a can, na kuma sami abin da ya riƙe ni wanda ya wuce kiɗa.

Ina tambayar kaina me zai ce da wannan zamani. Yanzu matasa suna sauya coci a tsakanin Ista da Kirsimeti, babu mai zaman majalisa a kansu. Ina jin wannan zai dame shi fiye da tafiyarmu, domin mu aƙalla an yi fushi da mu, alamar an san da mu. Labarin Turawa kuwa, na tabbata ba zai yaba wa Roma ba. Zai ce a bar mutane su gama rigimar gidansu. Amma zai juya ya tambayi nasa mutanen me suka yi har 'yan'uwansu suka fara duban ƙofar maƙwabci, kuma ba zai yarda a rama a kan waɗanda suka tafi ba.

Abu ɗaya bai gyaru ba. Ni da shi ba mu sake cin Jibin Ubangiji tare ba. Idan na je cocinsa ina zaune ake zuwa gaba, idan ya zo bikin 'ya'yana shi ma yana zaune. Da yana kwance a asibiti cikin ciwonsa na ƙarshe na tambaye shi ko har yanzu yana ganin na yi kuskure. Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Sa'an nan ya ce in gyara masa matashi, in yi mana addu'a, kuma in yi ta yadda na saba, shi zai ce amin.

Bai bar gidan bene ba, babu kuma coci mai sunansa. Jikokinsa da nawa sun rabu tsakanin Angilika da Katolika, wasu ma sun wuce zuwa wasu coci dabam, kuma babu ɗayansu da ya san cewa an taɓa yin dokar hana 'ya buɗe baki a jana'izar uwarta saboda wannan, sai in na ba su labari su yi ta mamaki. Har ya mutu bai yarda na yi daidai ba. Har yau ban yarda na yi kuskure ba. Kuma duk shekara a gidansa nake cin Kirsimeti.